Amsoshin tambayoyinku: bitar fiziks kan taurari da zagayen duniyoyi

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau filin na 'yan SS3 ne tunda WAEC da NECO sun ƙarato.

Wasiƙar farko daga wata ɗaliba ce a Zariya, ta ce malaminsu ya faɗa musu wai duniya ta fi kusa da rana a watan Janairu, to ita abin ya ɗaure mata kai, ai Janairu tsakiyar hunturu ne. Ƙanwata, malaminku gaskiya ya faɗa. Hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana ba da'ira ba ce cif, ta ɗan yi siffar ƙwai, kuma ranar ba a tsakiya take ba, wannan ita ce dokar farko da masanin taurari Kepler ya fitar a 1609. Farkon Janairu tsakaninmu da rana kusan kilomita miliyan 147 ne, farkon Yuli kuma kusan miliyan 152. To amma ba wannan tazarar ke kawo sanyi da zafi ba, karkatar duniya ce da digiri 23.5, a Disamba da Janairu ɓangarenmu na arewa ya kauce wa rana, haskenta na zuwa mana a karkace, ga kuma busasshiyar iskar Sahara da ƙurarta. A daidai lokacin mutanen Afirka ta Kudu zafi suke sha. Wallahi ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki, don Allah ki riƙe shi da kyau. Ki haɗa da doka ta biyu: in duniya ta matso kusa da rana gudunta ƙaruwa yake.

Sai wani daga Maraɗi da ke son a yi masa misalin doka ta uku, wadda ta ce in ka ɗauki nisanmu da rana a matsayin 1, to nisan kowace duniya sau kansa sau kansa daidai yake da shekarun zagayenta sau kansu. Ɗan'uwa ɗauko biro. Nisan duniyar Jupita da rana ya ninka namu sau 5.2, to buga 5.2 sau 5.2 sau 5.2, za ka samu wajen 140, sai ka nemi lambar da in ta bugi kanta za ta ba da 140, kusan 11.9 ke nan. Shekarun da Jupita ke yi kafin ta gama zagaye ɗaya ke nan, kusan 12. Duk duniyar da ta fi nisa hanyarta ta fi tsawo, kuma jan da rana ke mata ya fi rauni, shi ya sa Makyuri da ke gab da rana kwana 88 kacal take yi.

Wani bawan Allah daga Kano ya ce Zara matar wata wace irin tauraruwa ce? Malam, a fiziks ba tauraruwa ba ce sam, duniyar Benus ce, hasken rana take aro kamar wata. Ita ce dai Gamzaki in ta fito da asuba. Da yake ta fi mu kusa da rana ba ta yin nisa da ita a sama, ko dai bayan magariba a yamma ko kafin alfijir a gabas. Tauraro na gaske shi ke ƙera haskensa, kamar ranarmu da ke haɗe ƙwayoyin haidurojin su koma hiliyam a cikinta.

Ta ƙarshe kan shekarar haske. Awon nisa ce ba lokaci ba, wato nisan da haske ke ci a shekara ɗaya, kar sunan ya ruɗe ku. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti 8 da ɗan kai, amma daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa bayan rana, sai ya yi shekara 4.2 a hanya. Masu tambaya kan masanin taurari Hubble da ya nuna a 1929 cewa gungun taurari masu nisa suna ta ƙara nisanta da mu, wasiƙunku na hannuna, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.