Jawabin Maraba Ga Baƙonmu Farfesan Nazarin Harshe, Daga Hausawan Agege

Assalamu alaikum. Mai girma Sarkin Hausawa, limamai, iyayenmu mata, da babban baƙonmu Farfesa: ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da cunkoson hanyar Ikeja.

Tun kafin mu shiga yabo bari mu ajiye buƙatarmu, kada lokaci ya cinye ta. Malamin Hausa muke nema ga yaranmu. Za mu dawo kanta.

Ranka ya daɗe, iliminka ba sai mun tallata ba. Da aka ce mana fanninka shi ne nahawun sharuɗɗa, irin wanda masana harshe Pollard da Sag suka shimfiɗa a 1994, sai kwamiti ya yi jugum, har wani ɗanmu ya fayyace mana. Ya ce aikatau, wato kalmar aiki, irin su “saya”, yana neman aikau (mai yin aikin) da karɓau (abin da aikin ya faɗa wa), amma kowane harshe da sharaɗinsa na jera su a jimla. Hausa da Yarbanci aikatau a tsakiya, Barbarci da Japananci a ƙarshe, Larabcin littafi kuma yakan fara da shi. Jimla tana zama daidai ne idan ta cika sharuɗɗan gaba ɗaya. Wani dattijo mai lodi a kasuwar Mile 12 ya ce ai ya gane: kaya ɗaya ne, kowane direba da yadda yake so a jera masa.

Mu ma muna da abin nunawa. Bahaushe ya ce “sun sayi goro”, amma da goro ya dawo gaba sai ya ce “goro ne suka saya”. Sun ta koma suka, sayi ta koma saya. Maƙwabcinmu Bayarabe kuwa ya ce “obi ni mo ra”, wato “goro ne na saya”, shi ma ya tura goron gaba, aikatau bai sauya kaya irin namu ba. Yau a wannan zauren akwai yaron da zai ce maka “goro ne sun saya” ko gezau, kakarsa na jinsa tana girgiza kai.

Mu ba baƙi ba ne a Ikko. Tun 1863 Baturen mulkin mallaka Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa. Kakanninmu sun yi fataucin goro a nan Agege, layin dogo ya isa Kano a 1911 ya ƙara haɗa mu da gida. Shi kansa masanin harshe Greenberg, wanda ya yi nazarin yadda harsunan duniya ke jera kalmomi a jimla a 1963, a ƙasar Kano ya yi binciken ƙuruciyarsa, da Hausa a bakinsa. Duk da haka har gobe “aboki” ake kiranmu a tasha, kamar jiya muka sauka daga tirela.

A 2018 jihar Legas ta kafa dokar koyar da Yarbanci a makarantu. Mun yaba musu, kowa ya gyara gidansa. Namu yaran suna karanta Yarbanci da Turanci, amma ba su iya bambanta ƙ da k a rubuce ba.

Don haka muna roƙo, ranka ya daɗe: a turo mana ɗalibanka biyu su riƙa koyarwa Asabar da Lahadi. Aji muna da shi a bayan masallaci, da benci da allo. Masauki da kuɗin mota ’yan kasuwar goro sun ɗauki nauyi. Littattafan nahawu, irin na Galadanci, in an samu muna so, amma littafi ba ya gyara bakin yaro. Malami muke roƙo, ko da guda ɗaya ne, kafin a koma sabon zango.

Allah ya ƙara girma, ya maida kai gida lafiya.

Kwamitin tarbar baƙi