Amsoshin Tambayoyinku: Tarar Makara, Ɓoye Kuskure da Sabon Shugabanci

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Jidda. Wasiƙun wannan makon duk kan shugabanci a wurin aiki suka karkata, shi ya sa muka gayyato malama mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam da sarrafa ma'aikata. Malama, barka da zuwa.

Malama: Barka kadai.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Shara Mansur ta fito, a Makka. Mai ita mushrif ne, wato shugaban rukunin ma'aikata, yana kula da mutum 14 masu gyaran ɗakuna a wani otal kusa da Harami. Ya ce makara ta ishe shi, ya sa tarar riyal 20 kan duk wanda ya makara, sai makarar ma ta ƙaru. Yana tambaya ko ya ninka tarar.

Malama: Alhaji, kada ka ninka. Abin da ya same ka an taɓa gwada shi a bincike. Masana biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun bi diddigin gidajen renon yara 10 a birnin Haifa, suka wallafa sakamakon a shekarar 2000. An sa 'yar tara kan iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai masu makara suka kusa ninkawa. Da aka janye tarar ma ba su ragu ba. Kafin tara kunya ce ke riƙe da mutum, yana jin ya tsayar da wani yana jiransa. Da aka sa kuɗi, makara ta zama abin saye. Yaronka yanzu lissafi yake yi: barcin rabin awa a riyal 20, ai da araha.

Ga abin yi. Ka ɗauki mako biyu ba ka hukunta kowa ba, kana rubutu kawai: wa ya makara, wace rana, minti nawa, daga ina ya taso. Takardar za ta nuna maka ɗayan biyu. In kusan kowa ne ke makara a lokaci guda, to matsalar hanya ce: motar masauki ba ta tashi da wuri, ko kuma lokacin shigarsu ya zo daidai da cunkoson sallah, kowa kuwa ya san yadda hanyoyin Harami ke cushewa, balle a Ramadan. Wannan da jadawali ake gyara shi, a matso da tashin mota da minti 20 ko a sauya lokacin karɓar aiki. In kuwa mutum biyu ne ko uku, ka zauna da kowannensu shi kaɗai, ka bar sauran su huta da faɗa.

Sannan ka sa wa zuwa da wuri wani amfani da ake gani da ido. A raba hawa-hawan otal a minti biyar na farko, wanda yake nan ya zaɓa, wanda ya makara ya ɗauki abin da ya rage. Kowa ya san hawan da ke da wuya.

Mai gabatarwa: Malama, ita kanta tarar, doka ta yarda da ita?

Malama: Da sharuɗɗa. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ba ta yarda a cire wa ma'aikaci fiye da ladan kwana biyar a wata da sunan tara ba. Sai an sanar da shi laifinsa an kuma ji ta bakinsa. Kuɗin tarar a rajista ake rubuta shi, kuma abin da zai amfani ma'aikata ake yi da shi. Mushrif ba ya ƙirƙiro tara daga kansa, sai abin da ke cikin ƙa'idar kamfani.

Mai gabatarwa: Ta biyu daga nan Jidda. Wata Hajiya ce mai shagon ɗinkin abaya, da teloli takwas. Ta ce in an ɓata yadi ba mai faɗa mata, sai mai kaya ta dawo da fushi take ji. Ta yi faɗa, ta yi nasiha, duk a banza.

Malama: Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, faɗan ne ya koya musu ɓoyewa. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazari a kan ma'aikatan jinya a shekarun 1990. Ta zaci sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce, sai ta tarar su ne suka fi yawan rahoton kuskure. Da ta bincika, sai ta ga su ba sa tsoron faɗin kuskurensu ne, sauran kuwa binnewa suke yi. Daga baya kamfanin Google ya nazarci rukunonin ma'aikatansa 180, ya ga wannan kwanciyar hankalin ce kan gaba wajen bambanta rukunin da ke aiki da kyau.

A aikace, komai yana kan abin da kika yi a daidai lokacin da tela ta zo ta ce ta yanka ba daidai ba. Sauran bakwai suna kallon fuskarki, daga nan za su yanke ko su ma za su faɗa gobe. Ki fara da "na gode da kika faɗa da wuri". Sai tambaya uku: me ya faru, a wane mataki, me za mu sauya. Kada ki tambayi "me ya sa kika cika sakaci", wannan hukunci ne, amsarsa kuma kare kai. Masana Kluger da DeNisi sun tattara binciken da aka yi kan gyara wa ma'aikaci aikinsa, suka wallafa a 1996: a fiye da kashi ɗaya cikin uku, gyaran ya ƙara lalata aikin ne. Inda abin ke ɓaci shi ne idan magana ta bar aiki ta koma kan mutum. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma fa sai in kan kayan aka tsaya. Ki ce "hannun nan ya gaza da santimita biyu", ki faɗa a keɓe, a ranar da abin ya faru.

Ki kuma sa taron minti biyar kowace safiya, a tsaye. Ƙaramar cikinsu ce za ta fara magana, ke ce ta ƙarshe. A tarbiyyarmu yaro ba ya musa wa babba a gaban mutane, in kin riga kin faɗi ra'ayinki ba abin da za ki ji sai "haka ne, Hajiya".

Mai gabatarwa: To ba za su raina ta ba, su ga kamar ɓarna ba komai ba ce?

Malama: Kuskure daban, ganganci daban. Wadda ta tsallake matakin da ta sani, ko ta ɓoye, tana da hukunci, kuma a faɗa musu haka tun farko. Abin da ke rusa tsarin shi ne a ce "ku riƙa faɗa mini", ranar da aka faɗa kuma a zaftare albashi. Sau ɗaya ya isa, ba za a sake faɗa ba.

Shi kuwa yankan, a toshe shi da takardar dubawa mai layi huɗu ko biyar a jikin tebur: sunan mai kaya, tsawo, hannu, faɗi, irin yadi. Ɗaya ta karanta da ƙarfi, ɗaya ta duba awo, sannan almakashi ya taɓa yadi. Kada ki raina takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irinta mai abu 19 don ɗakin tiyata, a gwajin asibitoci takwas da aka wallafa a 2009 mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Madina. Matashi ne da aka ɗaga zuwa mushrif a wani sito, aka tura shi kwas na kwana uku. Ya ce bayan wata guda ya ga ya koma yadda yake.

Malama: Ƙanena, haka kwas yake ga kusan kowa, ilimi yake bayarwa, sabo kuwa a wurin aiki ake yinsa. Ka zaɓi hali ɗaya tak daga abin da aka koya muku, ka ɗaure shi da lokaci da wuri. Masani Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka tsara da "idan kaza ya faru zan yi kaza" ta fi niyyar baka cika. "Zan riƙa sauraron yarana" ba za ta yi ba. Ka ce: "Idan muka dawo daga Azahar, zan tsaya wurin mutum ɗaya in tambaye shi me ke tsayar masa da aiki, in rubuta." Duk Alhamis ka nuna wa mudir, wato manajanku, ko wani abokin aiki abin da ka rubuta da abin da ka warware.

Kada ka yi gaggawa. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya gano sabon hali na ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya ɓata shi. Kada dai ka fara a Ramadan ko lokacin Hajji, jadawali a hargitse yake. Sai na farko ya zauna ka ɗauko na biyu.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malama. Akwai wasiƙa daga Riyad kan rabon aikin dare, lokaci bai bar mu ba, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.