Ni lukuta, ita sillen kara

Salamu alaikum jama'a, ga ni dai a Yamai, yanzu na dawo daga kasuwar Wadata, ku yi haƙuri da ƙarar babura. Yau ba girki za mu yi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci na a rai.

Tun ina gida Kano ake ce min lukuta. Akwai ranar da a gidan biki gwaggona ta janye farantin da ke gabana ta ce "ke 'yar nan, a haka za a kai ki ɗakin miji?" aka kwashe da dariya, wallahi yinin ranar ko ruwa ban sha ba amma da dare na kulle ɗaki na cinye burodi guda da lemo ina kuka. Shi kenan fa na saba, rana yunwa, dare ci a ɓoye, safiya jin haushin kaina. Asibiti ma na daina zuwa don kar a ce in hau sikeli. Sai daga baya na gane ashe gori yana tayar da sinadarin damuwa da ake kira kotizol, shi kuma yana ƙara wa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba, ku duba yawan masu haɗiye irin wannan baƙar magana.

To da na zo nan karatu sai na tarar da ɗaya gefen. A nan mace mai jiki ita ce ta ji daɗi, Zabarmawa har al'adar hangandi gare su ta ƙibantar da mata. Ƙawata 'yar garin Tawa da muke ɗaki ɗaya siririya ce, kullum mamarta ta kira sai ta ce "ɗiyata, mutane cewa za su yi ba mu ba ki abinci." Rannan ina neman caja a jakarta na ga sha ka fashe, ƙwayar nan da ake sha don a yi ƙiba, dexamethasone ce daga 'yan tallar magani, ga fuskarta ta fara kumbura. Wannan ƙwaya tana jawo ciwon suga da hawan jini, kuma in an daɗe ana sha ba a yanke ta lokaci guda, sai likita ya rage a hankali.

Daren nan mun yi kuka mu biyu. Yanzu dambu da kopto, wato kwaɗon ganye irin na nan, a kwano ɗaya muke ci, ƙofa a buɗe. Jiya da kanta ta ce in raka ta ganin likita ranar Litinin, na ce to, ni ma in mun je zan hau sikelin.