Shin da gaske an soke digirin aikin jarida a jami'o'in Najeriya?

Duk shekarar da aka buɗe rajistar jarrabawar JAMB, sai tsohon saƙon nan ya sake zagaya wayoyin mutane a Kano, yana cewa gwamnati ta soke kwas ɗin aikin jarida da sadarwa da ɗalibai ke kira Mas Kom (Mass Communication). A wata cibiyar rajista da ke kusa da Kabuga, na ga wani dattijo tsaye a kan ɗansa, ya dubi ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ya ce, "Malam, ka cire masa wannan, an ce an daina yin sa, kada yaro ya ɓata shekara huɗu a banza." Ma'aikacin ya ce, "Alhaji, ni ma haka na ji." Nan take aka sauya wa yaron kwas, shi kuwa bai ce uffan ba.

Tarihin aikin Farfesa Umaru Pate, Kaigamman Adamawa, shi ne zai kai mu ga tushen maganar. Ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da aikin jarida a Jami'ar Maiduguri kafin ya dawo Jami'ar Bayero, inda ya zama shugaban farko na Tsangayar Sadarwa, daga baya kuma ya jagoranci makarantar karatun manyan digiri. Yana wannan tsangaya da ke sabon matsugunin jami'ar a titin Gwarzo ne ya kasance a sahun gaba na malamai da ƙwararrun da suka zauna suka sake tsara manhajar koyar da sadarwa ta ƙasa baki ɗaya.

Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Tun daga 1961, lokacin da aka fara koyar da aikin jarida a jami'ar Nsukka, fannin ya yi ta faɗaɗa har ya zama ɗalibi ɗaya yana ɗanɗana rubuta labari, da talla, da hulɗa da jama'a, da fim, da rediyo a cikin shekara huɗu, ya fito bai ƙware a ko ɗaya ba. Mu ma a Hausa mun ƙara dagula lamarin, domin dukkan wannan tarin ilimi muna kiran sa "koyon aikin jarida", alhali aikin jarida reshe ɗaya ne kawai a jikin bishiyar.

A watan Janairun 2020, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a ƙarƙashin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ta sanar da rarraba kwas ɗin zuwa digiri bakwai: aikin jarida, watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa domin raya al'umma, da nazarin bayanai da kafafen yaɗa labarai.

A nan ne mutane suka yi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe. Sanarwar NUC ba ta rufe sashe ko ɗaya a wata jami'a ba, kuma ba ta haifar da sababbin sassa bakwai a dare ɗaya ba. Abin da hukumar ta yi shi ne fitar da mafi ƙarancin abin da dole a koyar a kowane ɗaya daga cikin waɗannan digiri. Jami'ar da ke son buɗe digirin fim, alal misali, sai majalisar malamanta ta fara amincewa, sannan ta rubuta wa NUC, sannan hukumar ta turo tawaga ta zo ta ƙirga malamai, ta duba takardunsu, ta shiga ɗakin ɗaukar shiri da ɗakin karatu ta ga abin da ke ciki da idonta. Sai an tsallake wannan tantancewa ne kwas ɗin zai bayyana a jerin da JAMB ke nuna wa ɗalibai. Shi ya sa za ku ga wata jami'a ta buɗe rassa uku ko huɗu, wata kuma tana nan da tsohon tsarinta, kuma babu wadda ta karya doka a cikinsu.

Takardar shaidar wanda ya gama tun da daɗewa tana nan da darajarta, babu wanda zai ce masa ya koma aji. Haka kuma, a sabuwar manhajar jami'o'i da aka ƙaddamar a watan Disambar 2022, Mas Kom ɗin kanta tana nan a jere tare da rassan da aka cire daga jikinta. Mamacin da aka yi ta yi wa ta'aziyya a Facebook yana zaune a tsakar gida tare da 'ya'yansa.

A ra'ayina, rarrabawar ta dace da gari irin Kano, inda masana'antar Kannywood ta girma ba tare da yawancin masu aikinta sun karanci fim a jami'a ba. Sai dai ina da ɗan tsoro ɗaya. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin labarai na gidajen rediyon da suka cika garin nan, tun daga buɗe Freedom a 2003, ya san cewa mutum ɗaya ne yake fita ya naɗo murya, ya dawo ya tace ta, ya karanta labarin, wani lokaci ma ya nemo talla. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai da aka ce ya zaɓi reshe ɗaya tun daga fom yana buƙatar malaman da za su buɗe masa taga zuwa sauran rassan.

A watan Fabrairun 2021 Farfesa Pate ya kama aiki a matsayin shugaban Jami'ar Tarayya ta Kashere da ke jihar Gombe, na wa'adi ɗaya na shekara biyar kamar yadda doka ta tanada. A wannan kujera, wanda ya taimaka wajen tsara manhajar ya koma cikin masu nemo malamai da kayan aiki, suna jiran tawagar NUC ta zo ta duba, kamar kowane shugaban jami'a.