Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwallo da Siyasa

Jama'a assalamu alaikum. Wasiƙu sun yi yawa, lokaci kuma kaɗan, to bari mu shiga.

Wani ɗan'uwa daga Kassala na tambaya, yaushe Sudan ta ci Kofin Afirka? A 1970 ne, a Khartoum, ta doke Ghana da ci 1-0. Haba Malam, kai da ke ce mana kai ɗan ƙungiyar Hilal ta Omdurman ne, wannan ma sai ka tambaya?

Wata baiwar Allah a Jidda tana son sanin shekarar da Saudiyya za ta karɓi Kofin Duniya. 2034, Hajiya, Allah ya kai mu.

Sai tambayar da ta zo mana daga Maiurno da Gadarif da Damazin, kusan baki ɗaya: wai me ya kawo siyasa cikin ƙwallo, ba wasa ba ne?

To ku saurara da kyau. Kofin Afirka a nan Khartoum aka fara shi, a watan Fabrairun 1957, shekara guda bayan samun 'yancin Sudan. Ƙasashe huɗu suka kafa hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Amma uku suka buga. Na sake faɗa, huɗu suka kafa, uku suka buga. Afirka ta Kudu ta ƙi haɗa baƙaƙe da farare a ƙungiya ɗaya, aka ce to ku zauna gida. Habasha ta wuce zuwa wasan ƙarshe ba ta yi gumi ba, Masar ta lallasa ta 4-0. Kun ga tun ranar suna siyasa na ciki. Baba, kai da ka daɗe kana busa usur, me za ka ƙara?

"To ɗana, ai Dakta Abdel Halim Mohammed, likita ne fa, ba ɗan ƙwallo ba, yana cikin waɗanda suka kafa CAF ɗin. Mutanen da can ke nan. Mu da muka taso, takalmin ma sai wanda ubansa ke da hali. Kuma a 1966 duk Afirka ta ƙaurace wa Kofin Duniya na Ingila, don gurbi ɗaya tak aka ba mu mu raba da Asiya. Yaran yanzu kuwa waya kawai..."

Mun gode Baba, ka ɗan zagaya amma ka iso. Ƙauracewar nan ta yi rana, don a 1970 Afirka ta samu gurbinta, Maroko ta je Meziko. A ganina wannan ya fi kofi daraja.

Ba kullum ake riba ba dai. A 1996 Janar Abacha ya hana Najeriya zuwa Afirka ta Kudu kare kofinta, bayan Mandela ya soki rataye ɗan fafutukar nan Ken Saro-Wiwa. CAF ta ƙara mata da haramcin gasar 1998. 'Yan wasa suka sha wahalar rigimar manya.

Mai tambaya daga Sennar kan gasar Olamfik ta 1976, yi haƙuri, an ɗaga mini hannu. Da kai za mu fara mako mai zuwa, in Allah ya yarda.