Jawabin maraba da mai girma Sanata a ziyararsa ta duba aikin dashen mangurof a ƙasar Ogoni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Sanata da 'yan tawagarsa, iyayen ƙasa masu sarautar yankin Gokana na ƙasar Ogoni da suka riƙe mu amana shekara da shekaru, Sarkin Hausawa, liman, shugabannin 'yan kasuwa, iyayenmu mata, matasa, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san daga Fatakwal zuwa nan ba wani nisa bane a taswira amma duk wanda ya biyo ta Eleme ya san abinda jikinsa ya gaya masa, to Allah ya huci gajiya. Mu al'ummar Hausawa mazauna wannan yanki mun ji daɗi ƙwarai da aka ce a bamu 'yan mintuna mu yi maka maraba da harshen gida, tunda kai namu ne kuma kana cikin masu zama a kan kasafin kuɗin muhalli a majalisa.

Wani zai ce to me ya haɗa Bahaushe da dajin mangurof na bakin teku, mu da muka taso a inda ake jiran damina. Ranka ya daɗe kasuwa ce ta haɗa mu. Mu muke kawo albasa da tumatir da tattasai da wake da shanu, kuma waɗanda ke saya matan nan ne da ke shiga laka idan ruwa ya janye su tsinto ƙananan dodon koɗin miya da ƙaguwa, da mazajensu masunta. Ranar da rafi ya bada kifi zaka ga mace ta sayi albasa kwando guda bata ko taya ba, ranar da babu kuwa sai ta tsaya tana juya guda uku a hannu tana cewa aboki rage min. Wasunmu kuma busasshen kifi da kurafish suke lodawa zuwa Arewa. Kaga idan dajin nan ya mutu muma aljihunmu ya ji.

Shi mangurof ɗin nan, don 'yan tawaga da basu taɓa gani ba, itace ne da yake tsaye a cikin ruwan gishiri kan wasu saiwoyi kamar ƙafafu, ruwa ya ciko ya rufe su ya janye ya bar su a fili, sau biyu a yini. A tsakanin saiwoyin nan kifi ke yin ƙwai, 'ya'yan su ɓuya har su yi ƙwari kafin su fita babban ruwa, kuma su suke riƙe ƙasar bakin gaɓa kar igiyar ruwa ta cinye ta. Ta saiwar yake numfashi, shi yasa da ɗanyen mai ya lulluɓe ta shikenan an shaƙe shi. Najeriya ce tafi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan daji, abin alfahari ne amma anjima idan muka shiga jirgi zaka ga inda ya koma fili fetal, baƙar laka da kututture kawai.

Tarihin kowa ya sani amma bari in taɓa kaɗan. An fara haƙar mai a Ogoni tun 1958, a nan Bomu. Shell ta daina haƙa a 1993 bayan mutanen ƙasa sun tashi tsaye, amma bututun da suka ratsa ƙasar basu daina ɗaukar mai ba. A 2008 bututun Shell ya fashe a garin Bodo mai yayi ta kwarara cikin rafi, aka kai ƙara Landan, sai a Janairun 2015 kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55. A watan Agustan 2011 kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya wato UNEP ta fitar da rahotonta, inda ta ce a Nisisioken Ogale da ke Eleme ruwan rijiyar da mutane ke sha yana ɗauke da sinadarin benzin mai jawo cutar kansa fiye da ninki 900 na abinda hukumar lafiya ta duniya ta yarda dashi. Rahoton ya ce gyaran ƙasar nan zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kuma a fara da dala biliyan ɗaya na shekara biyar ɗin farko.

Ranka ya daɗe dan Allah a riƙe wannan lissafin don shi ne ya kawo mu. Kuɗin shekara biyar aka ambata, aikin kuma na shekara talatin ne. An kafa HYPREP, hukumar da ke aikin gyaran ƙasar nan, a 2012, aka sake mata fasali a zamanin marigayi Buhari, mataimakinsa Osinbajo yazo Bodo ranar 2 ga Yunin 2016 ya ƙaddamar da aikin. Kuɗin kuwa, kamfanonin mai na haɗin gwiwa ne zasu zuba, kuma a wannan haɗin gwiwa NNPC ce ke da kaso mafi tsoka, 55 cikin ɗari, to kaga ashe mafi yawansa kuɗin talakan Najeriya ne, na mutumin garin Bori a nan Ogoni da na mutumin Birnin Kudu duka, don haka majalisa nada cikakken ikon tambayar ina aka kai kowace naira. Sannan a 2025 Shell ta kammala sayar da kamfaninta na kan tudu wa kamfanin Renaissance. Mutane a nan suna tambaya, kuma tambayar tana kan hanya, idan biliyan ɗayan nan ta ƙare wa zai ci gaba da biya, a wace takarda aka rubuta, wa yasa hannu.

Gaskiya a faɗe ta, an yi aiki. Hekta 560 aka ware a nan Bomu a zagayen farko na dashe, mun ga yara maza da mata sun samu abin yi a wajen rainon tsirrai, suna cika leda da laka suna jera su layi layi, da safe su loda a kwalekwale su tafi, su dawo laka har ƙugu. Wasunsu kwastomominmu ne, mun ga canji a cefanensu. Kuma masunta sun fara cewa suna ganin ƙaguwa a inda da ko ƙuda baya sauka. Wannan a yaba.

Amma yallaɓai kai ɗan Arewa ne, ka san yadda ake bikin dashen itatuwa a wajenmu. A zo da makaɗa da 'yan jarida, babban baƙo ya saka tsiro a rami ya zuba ruwa da buta, a tafa, a watse, kafin sati biyu akuya ta gama dashi, baɗi a dawo gefen wajen a sake. Shi muke tsoro a nan. Saka tsiro a laka abu ne na minti ɗaya, wahalar tana ga shekarun da ke biyo baya, wanda igiya ta tumɓuke a maye shi, wanda ya bushe a gano dalili, ko man da ke ƙarƙashin laka ne ya taso ko gurin ne yayi zurfi. Ga kuma wani kwakwa na ruwa da ake kira nipa, wanda aka shigo dashi ta Kalaba a 1906, shi da ya samu fili sai ya mamaye ya hana mangurof tashi, kuma baya tara kifi kamar na asalin. Duk wannan sai da ma'aikata da jirgi da man jirgi, wato sai da kuɗi a bajet duk shekara, ba na rana ɗaya ba.

Saboda haka roƙonmu idan an zo muku da rahoto a Abuja an ce an dasa miliyan kaza, ku ce madalla, nawa ne suke raye bayan shekara uku. A ɗaure wani kaso na kuɗin ɗan kwangila da wannan amsar, kar a sallame shi duka ranar da ya gama dashe. Kuma kuɗin ya riƙa fita kan lokaci, don tsiron da ke cikin leda baya jiran fayil ya zagaya ofis ofis, idan ya wuce lokacinsa asara ce, leburan da aka riƙe wa haƙƙinsa wata da watanni kuma ba zai dawo ba.

Sai maganar da ba'a so a faɗa a taro amma dole. Matatun mai na ɓoye da ake kira kpofaya. Duk wanda ya zauna Fatakwal daga 2016 ya san baƙin toka da ke sauka a kan gado da cikin hanci, ka shanya farar riga ka ɗauko ta kamar an goge tukunya. In an wanke rafi yau an dasa, gobe wani ya fasa bututu a sama ya zubar da dagwalon, ruwa ya ciko ya kawo shi kan sabon dashe, an yi aikin baban giwa. Soja kaɗai ba zai magance ba, ƙona wajen da ake yi ma wani ɓarnan ne a cikin ruwa. Yaran nan sai an basu abinda yafi wancan, kuma gadin dajin da kula dashi aiki ne da za'a iya biyansu su yi, su suka san kowane lungu na rafin.

Muna kuma roƙo a riƙa zama da matan da ke shiga laka kafin a zana inda za'a dasa, don su suka san inda ruwa ke tsayawa da inda yake gudu, injiniya daga Abuja sai ya tambaya. Mu baƙi ne a nan, ƙasar tasu ce, bamu zo neman kaso ba, a gyara musu ruwansu mu ci gaba da cinikinmu lafiya.

Ranka ya daɗe masu jirgi sun aiko cewa ruwa ya fara janyewa, in muka daɗe zamu maƙale a laka, don haka zan tsaya nan. An tanadi takalman roba ga kowa, a daure a saka, babbar riga kuma a naɗe ta. In mun dawo akwai abinci a gidan Sarkin Hausawa, iyayenmu mata sun ce ba mai tafiya sai ya ci. Allah ya maida ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.