Jawabin Maraba ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa

Ranka ya daɗe Babban Sakatare, shugabannin jami'o'i, shehunan malamai da sauran manyan baƙi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin malamai da ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Bayero, ina yi maka barka da zuwa Kano, tare da godiya bisa amsa gayyatarmu duk da tarin hidimomin da ke gabanka.

Wannan jami'a ba dare ɗaya ta ginu ba. A 1960 ta fara a matsayin ƙaramar kwaleji, a 1962 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, kuma sai a 1977 ta tsaya da ƙafafunta. Waɗanda suka ɗora tubalin sun yi aikin ne domin ɗaliban da a lokacin ko haifarsu ba a yi ba.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe, shi ne wa'adin shugaban jami'a shekara 5 ne, zango ɗaya tak, alhali renon malami tun daga digirin farko har ya zama farfesa yakan haura shekara 15. Idan kowane sabon shugaba zai jingine tsarin wanda ya gada ya fito da nasa, to za a yi ta gina ɗakunan karatu ba tare da an tanadi masu koyarwa a cikinsu ba. A ganina, nan ne gizo ke saƙar. Yajin aikin wata 8 da malaman jami'o'i suka yi a 2022 kuma ya nuna yadda jadawalin shekaru ke wargajewa cikin ƙanƙanin lokaci.

Mun yaba da manhajar da hukumarka ta fitar a 2022, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara gwargwadon buƙatun yankinta. A wurinmu wannan dama ce ta ƙarfafa binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da kuma nazarin harshen Hausa.

Roƙonmu shi ne hukuma ta wajabta wa kowace jami'a tsari na shekara 20 wanda majalisar gudanarwa za ta sa wa hannu, a riƙa duba shi duk lokacin tantance kwasa-kwasai, sannan a shawo kan asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ya riƙa sanar da kason kuɗi na shekaru da dama a gaba, domin a san abin da za a dogara da shi.

Allah ya ja zamaninka, muna sauraren jawabinka.